Bakin Ruwa a Lokacin Bazara

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina gaida mutanen Ɗambatta da Makoɗa, da na Bichi da Bagwai, da na Kunchi da Tsanyawa da Shanono, da na Minjibir da Gezawa, har da wanda ke jinmu a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya kafin ruwa ya sauka. Shirinmu na yau a kan ruwa ne, da yadda mu da 'ya'yanmu za mu je bakinsa mu dawo gida lafiya.

Bazara ta kankama. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40 da tsakar rana. Ɗakin kwano ba ya shiguwa, iskar ma in ta taso da zafinta take zuwa. Babba yakan nemi inuwa ya daure, amma yaro ba shi da wannan haƙuri. Inda ya san akwai ruwa, can ƙafarsa za ta kai shi.

Mu nan ba mu da teku. Abin da muke da shi madatsun ruwa ne da kududdufai. Akwai dam ɗin Watari a Bagwai, da na Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, da na Gari a wajen Kunchi, da na Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Aiki ne da aka faro tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, a shekarun da fari ya gigita ƙasar Hausa. Albarkar waɗannan ruwaye ba ta ɓoyuwa. Da su ake noman rani, da su ake samun tumatir da albasa da shinkafa da alkama, masunta na ci a ciki, makiyaya na shayarwa. Don haka ba zan ce muku ku ƙaurace wa ruwa ba, domin na san maganar ba za ta karɓu ba, kuma bai kamata ta karɓu ba. Abin da nake roƙo shi ne mu san halinsa.

Akwai maganar da duk muka taso muna ji: wai ruwa kaza sai ya ci mutum duk shekara. Wasu su ce mutanen ɓoye ne ke karɓar rabonsu. Idan aka tsamo gawar yaro, sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi masa sutura, a yi zaman makoki, a watse. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja da wannan. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora mana amanar rai, ya kuma hore mu da riƙon sababi. Kuma duk wanda ya zauna ya bi labarin waɗanda ruwa ya ci a garinsu ɗaya bayan ɗaya, zai tarar labarin kusan iri ɗaya ne: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekarun yaran ma kusan ɗaya. Abin da ke maimaita kansa haka, akwai dalilinsa, kuma ana iya tare shi.

Mu ɗauki kududdufi. Kowa ya san asalinsa: rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasa don tubali da yaɓe, ko kuma masu aikin titi suka kwashi jar ƙasa suka tafi suka bar shi. Mai haƙa ba ya tunanin mai wanka. Inda ƙasa ta yi masa kyau nan yake nutsawa, saboda haka gindin kududdufi ba shi da tsari. Yaro na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya ƙara sai ya ji babu ƙasa, kamar wanda ya taka bakin rijiya cikin duhu. Ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa, ga gefe mai santsi da ba ya kamuwa. Ruwan kuma ba a ganin cikinsa, balle a gane zurfi da ido.

Dam kuwa nasa halin daban ne. Kafin a tare ruwan, wurin gonaki ne da itatuwa da tsohuwar hanyar rafi. Kututturan suna nan a ƙasa, kwarin rafin yana nan, ga taru da ƙugiyoyin masunta da aka shimfiɗa. Saurayin da ya hau tudu ya yi tsalle da ka bai san abin da zai tarar ba. Sannan saman ruwan dam yana da ɗumi saboda rana, can ƙasa kuwa sanyi ne ƙarara. Mutum ya fito daga rana jikinsa ya gaji, ya yi nisa da gaɓa, sai jijiyar ƙafa ta ɗaure. Shi ya sa za ku ji an ce wane gwanin iyo ne amma ruwa ya ci shi. Samari, ku ji ni da kyau: gasar wa zai riga tsallakawa ta kashe gwanaye da yawa. Wanda kuma ya sha ƙwaya ko wani abin maye ya shiga ruwa, ya riga ya zubar da rabin ƙarfinsa a gaɓa. Mai farfaɗiya ma kada a bar shi ya je bakin ruwa shi kaɗai, ko da wanki ne ya kai shi.

Yanzu ga abin da nake so kowace uwa da kowane malamin tsangaya ya riƙe. Mutane na zaton wanda ke nutsewa zai yi ihu ya ɗaga hannu a gan shi. Yawanci ba haka ba ne. Bakinsa na fitowa yana komawa, ɗan numfashin da ya samu bai isa ya yi kira da shi ba. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa ya ɗaga sama, hannuwansa na dannan ruwa a gefe, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa, abokansa na gefe suna zaton wasa yake. Saboda haka idan yara na ruwa, hayaniyarsu alama ce ta lafiya. Wanda ya yi shiru shi ne abin dubawa. Ka kira sunansa. In bai amsa ba, kada ka jira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan ƙanana ba dam suke zuwa ba. A cikin gida abin ke samunsu: rijiyar da ba murfi, kwatamin bayan ɗaki, bahon wanki, bokitin da aka cika aka bari a tsakar gida. Kan jariri yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa. Iyaye mata, na san aikin gida ba ya ƙarewa, ga surfe ga girki ga ɗiban ruwa. Amma a kife baho da zarar an gama, a rufe randa, kuma kada a bar wa 'yar shekara shida rainon mai rarrafe a kusa da ruwa, ita ma yarinya ce. Maigida, murfin rijiya naka ne. In ba a samu na ƙarfe ba, a yi na katako mai nauyi, a ɗaga bakin rijiyar da bulo ya wuce ƙugun yaro.

Malaman makarantun allo, Allah ya ƙara muku lafiya, ranar Alhamis da almajirai ke fita wanki ita ce ranar da ta fi bukatar ido. A haɗa su da gardi mai hankali, wanda zai tsaya a gaɓa ba ya wanki ba ya hira, aikinsa kallo kawai. A ƙirga su wajen tafiya, a ƙirga su wajen dawowa.

(Gajeren kiɗa)

To, idan wani yana nutsewa a gabanka fa? Zuciya za ta ce maka faɗa ka ceto shi. Sau da yawa haka ake yin gawa biyu maimakon ɗaya, domin wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama sai ya danne shi ƙasa, ko da mahaifinsa ne. Fara da kururuwa, jama'a su taru. Sannan ka nemi abin miƙa masa kana gaɓa: gora, sanda, igiyar guga, rawani, zane. Ka kwanta rubda-ciki kafin ka miƙa, don kada ya fizge ka. In ya yi nisa, jefa masa abin da ba ya nutsewa. Jarkar da ba komai a ciki, in an ɗaure murfinta tam, tana ɗaukar babban mutum. Masuntanmu sun daɗe da sanin wannan hikima, da gora suke hawa ruwa tun kaka da kakanni, kuma duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya gani. Shiga ruwa a bar wa wanda ya saba, shi ma ya tafi da jarka ko tayar mota a hannu, ya miƙa ta a tsakaninsu.

An fito da wanda ya nutse. A nan ne muke yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. Sai a kama ƙafafunsa a zazzage shi, ko a kifa shi a kan turmi ana danna ciki wai ruwa ya fito. Jama'a, ruwan ciki ba shi ke kisa ba, rashin iska ne. Danna ciki yana turo amai ya toshe maƙogwaro, kuma yana cinye lokacin da ba mu da shi, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba numfashi.

Ga abin yi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A ɗan tura goshinsa baya a ɗaga haɓarsa, a duba ko ƙirjinsa na motsi. In yana numfashi, a juya shi a kan gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, ka toshe hancinsa, ka haɗa bakinka da nasa ka hura sau biyar, kana kallon ƙirjin na tashi. Sannan ka ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya a kan ɗaya, ka danna da ƙarfi da sauri sau 30, ka hura sau biyu, ka koma dannawa. Yaro ƙarami hannu ɗaya ya isa, jariri kuwa yatsu biyu. Kada a tsaya har sai ya farfaɗo ko an miƙa shi ga ma'aikacin lafiya, in ka gaji wani ya karɓe ka. Kana cikin wannan wani ya nemo mota ko babur, wani ya kira lambar gaggawa 112. Kada kunya ko ƙyama ta hana ka sa baki a bakin wani, ceton rai ne. Kuma ko ya tashi ya ce garau yake, a kai shi asibiti a ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da numfashi bayan wasu sa'o'i.

Ba zan wuce maganar dam ban ambaci Bagwai ba. Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Jirgin an ɗora masa fiye da ƙima. Mun san yadda abin yake: rana ta yi yamma, kowa na sauri, mai fito na jin nauyin ya ce wa dattijo ko malami jirgi ya cika. To, a daina jin wannan nauyin. Sarkin Ruwa da masu fito su tsayar da adadi, a rubuta shi a jikin kowane kwalekwale. Fasinja kuma in ya ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ya sauka ya jira sahu na biyu. In akwai rigar kariya a saka, a fara da yara. A guji fito bayan magariba, haka kuma in hadari ya haɗo, domin iskar farkon damina ba ta sallama. Wanda ke cikin ruwa ma, da ya ji tsawa ya fito.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ruwa yana da wata hanyar cutarwa wadda ba ta tara jama'a a gaɓa, ba a kuma yi mata zaman makoki, amma ta fi nutsewa yawan mutane nesa ba kusa ba. Ina nufin tsargiya, wato fitsarin jini. A wasu garuruwanmu ta zama ruwan dare har an daina ɗaukarta cuta. Yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a ce ai girma ne ya zo, ko a ce rana ce ta dake shi. Ba girma ba ne, ba rana ba ce. Tsutsa ce, kuma tun 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano ta a birnin Alƙahira. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. Sai su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayin gaɓa, su hayayyafa a cikinta na wasu makonni, su fito dubbai, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, ko wanka kake, ko wanki, ko ban-ruwa a fadama, ko dashen shinkafa. Abin da za ka ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Daga nan su bi jini su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai, ƙwan ne ke kartar mafitsara jini ya fito. Kuma sun fi fitowa daga katantanwar da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yaranmu cikin ruwa.

Yaron da ke zubar da jini kullum, ko kaɗan ne, jininsa zai yi ƙasa. Za ka gan shi ya ɗashe, ba kuzari, karatu ba ya zama. In aka bar ta ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara. Akwai kuma wani nau'inta da ke zama a hanji, ya sa jini a bayan gida, ya kumbura hanta da ciki. Mata kuwa tasu ta fi ɓoyuwa. Tana kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa da ciwon mara da ganin jini bayan kwanciyar aure, har da wahalar samun ciki. Sai a yi ta shan maganin sanyi shekara da shekaru ba sauƙi. 'Yar'uwa, in kina wanki ko aiki a bakin dam kuma kina fama da irin wannan, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa kina shiga ruwa, ki nemi a duba tsargiya.

Maganinta yana nan, sunansa Praziquantel. Sha ɗaya ake yi, kuma ana raba shi kyauta a makarantu lokaci zuwa lokaci, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai jikinsa. A tabbatar yaro ya ci abinci kafin ya sha, domin da yunwa yakan sa jiri da tashin zuciya, wannan ne ma ya sa wasu iyaye ke tsoronsa. Damuwata a nan ita ce yaran da ba sa makarantar boko: almajirai, da 'ya'yan makiyaya, da 'yan matan da ke talla. Su suka fi kowa shiga ruwa, su kuma rabo ya fi tsallakewa. Mai unguwa ya tambayi jami'in lafiya na ƙaramar hukuma yaushe ne rabo, ya kai sunan tsangayoyin unguwarsa. A kuma sani, magani yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Muddin ana fitsari da bahaya a bakin ruwa, katantanwa za ta ci gaba da samun abin rabawa. Ruwan wanka da aka ɗebo daga dam, in aka ajiye shi ya kwana biyu tsutsotsin sun mutu. Mai ban-ruwa da ke da hali ya sa dogon takalmin roba.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Dattawan da ke saurare sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina gona ta lalace. Shi ma daga ruwan kududdufi yake. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, da rijiyoyin burtsatse, da yawon faɗakarwa irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye-ƙauye tare da cibiyar Carter, aka ga bayansa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a Nijeriya. Yaran yau ko sunansa ba su sani ba.

Shan ruwan dam ko na kududdufi ba tare da tafasawa ba kuwa, hanyar amai da gudawa ce da taifot. Mutanen Wasai da kewaye su ƙara kula, domin ruwan Jakara ta cikin birnin Kano yake ratsowa, yana ɗauke da dattin kwatoci da na masana'antun Bompai.

Ita ma ranar kanta a kiyaye ta. Mai aikin lambu ya yi sammako, ya huta daga sha biyu zuwa la'asar in da hali, ya sa malafa, ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi. Fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, jiki na neman ruwa ke nan. Wanda ya yi gumi da yawa har yana jin jiri, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Amma in mutum ya fara sambatu, ko ya faɗi jikinsa zafi rau, wannan ta wuce gida. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

'Yan'uwanmu 'yan ci-rani da ke Legas ko Kwatano ko Lome, na san da Sallah akan je bakin teku buɗe ido. Iyon da ka koya a Tomas ba zai yi maka aiki a can ba. Akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo gaɓa yake komawa ta wata 'yar siririyar hanya da ƙarfin gaske, wurin ma yakan fi ko'ina kwanciya a ido. In ya ja ka, kada ka yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya za ta kashe ka. Ka kwanta a kan ruwan, ka ɗaga hannu a gan ka, ka yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga jan. In ka ga jar tuta, an hana shiga ke nan.

Saura 'yan makonni ruwa ya sauka, kududdufan da suka ƙafe su cika su batse. Ranka ya daɗe dagaci, da masu unguwanni, yanzu ne ake ganin gindin kowane rami da ido. A zaga da matasa a gane masu zurfi, a kewaye na kusa da gidaje da ƙaya ko kara, a kafa doguwar gora da igiya da jarka a gaɓar da yara suka fi zuwa. Liman ya yi maganar a huɗuba. Masuntan gari kuma su ware wuri marar zurfi su koya wa yara 'yan shekara shida zuwa sama yadda ake kwanciya a kan ruwa, babba na tsaye a kansu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan sanƙarau da kwanan cunkoso a ɗaki lokacin zafi.

(Kiɗan rufe shiri)